Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Zaɓen Inbata Da Caja Domin Jirgin Ruwa

Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 rana ce da ta girgiza masu jiragen fito, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur a Nijeriya. Daga Yawuri zuwa Malale a tafkin Kainji, daga Ibi a kogin Binuwai zuwa Lakwaja inda ruwaye biyu suka haɗu, har ya zuwa Doron Baga a bakin tafkin Cadi, duk mai jirgin da ya saba ɗora ƙaramin janareta a bayan jirgi don kunna fitila da cajin wayoyin fasinja, sai da ya zauna ya sake lissafi. Da yawa daga cikinsu suka koma ga batir da farantin sola, wanda kuwa abu ne mai kyau. Amma kuma da yawa sun yi sayayya irin ta mai gida, alhali kuwa jirgi ba gida ba ne, suka wayi gari da batir ya mutu cikin 'yan watanni, kifi ya lalace, kuɗi sun bi ruwa.

Maganar da wannan fili zai yi a makon nan guda ɗaya ce tak. Inbata ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mai jirgi ya saya, kuma wadda ta fi kyau ita ce mafi ƙanƙanta da za ta iya ɗaukar aikinsa. Wanda ya fara da sayen babbar inbata, sa'an nan ya koma neman batirin da zai ciyar da ita, ya yi kama da mutumin da ya sayi doki kafin ya san ko akwai dawa a rumbunsa.

Wuta iri biyu

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa wutar lantarki iri biyu ce. Akwai wutar batir, wadda ke tafiya hanya ɗaya, kuma a jiragen ruwa ƙanana ƙarfinta bolt 12 ne ko 24. Akwai kuma wutar gida, wadda har yau jama'a ke kira wutar NEPA, mai kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙarfinta kuwa bolt 230 ne a ƙasar nan. Aikin inbata shi ne ta karɓi wutar batir ta mai da ita wutar gida. Aikin caja kuwa kishiyar wannan ne, watau ta karɓi wutar gida ko ta janareta ta mai da ita irin wadda batir zai iya ajiyewa.

To, duk lokacin da aka juya wuta daga wani iri zuwa wani, sai an yi asara. Inbata mai kyau takan ba da kashi 85 zuwa 93 cikin 100 na abin da ta karɓa, saura kuwa ya zama zafi ya bi iska. Saboda haka mutumin da ya jona cajar waya a jikin inbata ya yi asara sau biyu: inbata ta ɗaga wutar daga bolt 12 zuwa 230, cajar wayar kuma ta sake sauko da ita zuwa bolt 5. Alhali da ya sayi irin cajar nan ta mota da ake jonawa kai tsaye a batir, da ya huta da asarar farko ɗungum. Haka nan fitilun LED, da famfon kwashe ruwa daga cikin jirgi, da fanka, da rediyo, har ma da firji, duk akwai irinsu masu aiki da bolt 12 ba tare da sun bi ta inbata ba. Wannan shi ne babban sirrin tattalin wuta a cikin jirgi: duk abin da zai iya cin wutar batir kai tsaye, a bar shi ya ci.

Lissafi kafin saye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mai jirgi ya taka ƙafa zuwa kasuwar Alaba a Legas, ko Sabon Gari a Kano, ko Anaca, ya kamata ya samu takarda da alƙalami ya rubuta kowane kayan wuta da yake so, da yawan wat ɗin da aka rubuta a jikinsa, da yawan awowin da zai yi yana aiki a rana. In aka ninka wat da awa sai a samu abin da ake kira wat-awa, shi ne mudun awon wuta.

Ga misali na jirgin da ke ɗaukar fasinja ran kasuwa, yana kuma sayen kifi daga hannun masunta. Fitilu 4 masu wat 5 kowace, na awa 6, sun ci 120. Babbar fitilar haska gaba mai wat 30 ta awa 2, ta ci 60. Cajin wayoyi 10, a bar shi a 150. Famfon kwashe ruwa mai wat 40 na awa 1, ya ci 40. Firjin batir mai wat 50, wanda injinsa kan yi kamar awa 12 yana juyawa a cikin zafin ƙasar nan, ya ci 600. Jimla 970 ke nan, a cike shi a ce wat-awa 1,000 a kowace rana. A lura fa, a cikin duk wannan jeri babu abu ɗaya da ya tilasta sayen inbata.

Daga nan sai a duba batir. Batirin da aka rubuta wa 200Ah mai bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda. Amma in na darma ne, watau irin na ruwan batir ko na jel, ba a son a riƙa cin fiye da rabinsa, don in ana ƙarar da shi kullum ba zai yi tsawon rai ba. Ashe ke nan abin amfani a cikinsa 1,200 ne, wanda ya yi daidai da bukatar jirgin nan na misali, har da ɗan rara kaɗan.

Cin da ba a gani

A nan ne babbar inbata ke yin ɓarnarta a ɓoye. Kowace inbata, muddin tana kunne, tana cin wuta ko da ba a jona mata komai ba. Ƙarama mai wat 300 zuwa 500 takan ci kamar wat 5 zuwa 8 a zaune. Babba mai wat 3,000 zuwa sama, musamman irin ta gida mai nauyin tiransifoma, tana iya cin wat 30 ko fiye. In aka bar mai cin wat 30 a kunne dare da rana, ta lanƙwame wat-awa 720, watau fiye da rabin abin amfani da ke cikin batirin nan na 200Ah, ba tare da ta kunna ko kwan fitila ɗaya ba. Mai jirgi zai ga batir na saurin sauka, ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, alhali ɓarawon yana cikin ɗaki.

Bugu da ƙari, adadin nan na kashi 90 da ake bugawa a jikin kwali ba ya tabbata sai in inbata na ɗauke da kaya matsakaici. In aka ɗora wa babbar inbata kayan wat 50 kawai, ita kuma tana cin 30 don kanta, to abin da ya kai ga aiki bai wuce kashi 60 da 'yan kai ba. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa mai shago ba ita ce “nawa take ɗauka” ba, a'a, ita ce “nawa take ci in ba ta ɗauke da komai”. In bai sani ba, a duba littafin da ke cikin kwali. In babu littafi, a sa a jona ta a batir a auna da mita a gaban mai saye. Kuma a zaɓi wadda ke da makunni a wurin da hannu ke kaiwa, ko wadda ke yin barci da kanta in ba a jona mata kaya ba.

Wane ne ke bukatar inbata? Mai firizar gida irin ta kwance wadda ya riga ya mallaka, ko mai injin huda katako da na gyaran jirgi, ko mai talabijin da kwamfuta. Irin wannan firiza takan ci wat 100 zuwa 150 in tana tafiya, amma a daidai lokacin da injinta zai tashi takan fizgi ninki biyar ko fiye na ɗan ƙiftawar ido. Inbata mai wat 1,000 ta gaske ta ishe ta. A kuma kula da cewa a kasuwannin ƙasar nan da kVA ake tallar inbata, kuma sau da yawa kVA 1 bai wuce wat 800 ba. Sa'an nan akwai inbata mai ba da wuta mai santsi irin ta gida sak, wadda 'yan kasuwa ke kira fiya-sain, akwai kuma mai araha wadda wutarta ke fita da gargada kamar matakala. Ta biyun takan sa injin firiza da na fanka su yi ƙugi, su yi zafi, su ƙara cin wuta, su kuma mutu da wuri. Araha ba ta ado. Haka kuma kayan da aka kwance daga jiragen Amurka, komai kyansu, galibi na bolt 120 ne masu kai da komowa sau 60, ba su dace da kayan wutar ƙasar nan ba.

Caja da batir abokan tafiya ne

Caja ba a zaɓenta ita kaɗai, sai an dubi batirin da za ta ciyar. Ga batirin darma, ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce ƙarfin caja ya kasance tsakanin kashi 10 da 20 cikin 100 na adadin da ke jikin batir. Batirin 200Ah ke nan yana son caja mai amfiya 20 zuwa 30, ko 40 in an matsa. Wadda ta gaza haka za ta sa janareta ya kwana yana shan mai, wadda ta zarce kuwa za ta dafa batir. Caja ta kirki mataki uku take bi. Da fari ta tura wuta da ƙarfinta duka, sa'an nan in batir ya kai kimanin bolt 14.4 ta tsaya a nan tana rage turawa sannu a hankali, daga ƙarshe in ya cika ta sauko zuwa kimanin bolt 13.6 ta riƙe shi. Irin tsohuwar cajar nan ta 'yan cajin batirin mota, wadda ba ta san cika ba, ita ce ke ƙone ruwan batir ta kumbura na jel.

Abin da ya fi kashe batirin darma a bakin ruwa shi ne rashin cika shi. In kullum rabi-rabi ake yi masa, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa ba dawowa. Aƙalla sau ɗaya a mako ya kamata a bar shi ya cika maƙil. Mita mai araha ta isa shaida: batirin da ya huta yana nuna kimanin 12.7 ya cika, mai nuna 12.2 kuwa ya kai rabi, lokacin tsayawa ya yi. Yawancin inbata ba sa yanke wuta sai batir ya faɗi zuwa wajen 10.5, wanda ya riga ya yi masa illa, saboda haka wadda ake iya saita mata iyaka ta fi.

Batirin litiyom, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, ya canja wannan lissafi. Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure caji da sauke sau dubbai, kuma mai 100Ah, wanda nauyinsa bai wuce kilo 12 zuwa 14 ba, yana yin kusan aikin na darma mai 200Ah wanda ke kai kilo 60. A jirgin da kowane kilo ke rage wurin buhu ko fasinja, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kuɗinsa na farko da yawa, kuma dole caja ta zama mai saitin litiyom. Dogayen batiran nan masu ruwa da ake ajiyewa a gidaje kuwa, ko da yake suna da juriya, ba a yi su don tangaɗin igiyar ruwa ba, ruwansu mai ƙuna ne kuma yana iya zuba. Daɗin daɗawa, zafi maƙiyin batir ne: in zafin wurin ya ɗara digiri 25 da kamar digiri 10, ran batirin darma yakan ragu da kusan rabi. A nema masa inuwa da iska.

Ina wutar za ta fito?

Hanyoyi uku ne: rana, injin jirgi, da wutar tudu. A arewacin Nijeriya farantin sola yakan samu abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Faranti mai wat 300 a kan rumfar jirgi, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, zai ba da kimanin wat-awa 1,100, ya biya bukatar jirgin misalin nan. Tsakanin faranti da batir akwai na'urar daidaita caji, ita ma iri biyu ce, PWM da MPPT. Ta biyun ta fi tsada amma takan tatso ƙarin kashi 15 zuwa 30 daga faranti ɗaya, kuma ita ce ta dace da manyan farantan gida masu bolt sama da 30. Lokacin hunturu kuwa a riƙa goge ƙura kowace safiya, kada kuma a shanya taru ko riga a kan faranti, don inuwar gefe ɗaya takan rage wutar gaba ɗayansa.

Injin jirgi shi ma yana taimakawa, amma kada a ɗora masa buri. Irin injin nan mai ƙarfin doki 40 da ake tayarwa da igiya, in ma yana da wayar fitila, abin da yake bayarwa bai wuce kimanin amfiya 6 ba, kuma sai an sa masa abin da zai mai da wutar ta zama ta batir. Tafiyar awa 4 ke nan ba za ta ba da fiye da wat-awa 300 ba. Ga manyan jirage masu tashi da makulli kuwa, doka ɗaya ce ba a karya ta: batirin tayar da inji daban, batirin fitila da firji daban. Wanda ya haɗa su zai iya wayar gari a tsakiyar tafki da kifi mai sanyi da injin da ya ƙi tashi. In kuma batirin hidima na litiyom ne, sai an sa caja ta musamman tsakaninsa da inji, don yana zuƙar wuta da ƙarfin da zai iya ƙone dainamo.

Game da na'urar da ta haɗa inbata da caja a akwati ɗaya, tana da sauƙin haɗawa, kuma ta dace da babban jirgin da ke kwana a tashar da ke da wuta, kamar wasu na Legas. Amma ga jirgin da ke nesa da bakanike, raba su ya fi, don in ɗaya ta lalace ɗaya na nan.

Maganar rai

Duk abin da aka faɗa a sama maganar dukiya ce. Saura maganar rai. Inbata mai ba da wat 1,000 tana zuƙar fiye da amfiya 90 daga batirin bolt 12. Siririyar wayar gida ba ta ɗaukar wannan, za ta yi zafi ta narke. Ana bukatar wayar jan ƙarfe mai lamba 35, mai kaurin ƙaramin yatsa, kuma gajera, kada ta wuce mita ɗaya da rabi. Wanda bukatarsa ta wuce wat 1,500 gara ya koma tsarin bolt 24, don wutar da ke bin waya ta ragu da rabi. Dole kuma a sa fis a kan wayar da ta fito daga jan kan batir, kusa da shi ƙwarai, kamar tazarar taƙi ɗaya. Batir ba shi da makunni, in wayoyinsa biyu suka haɗu babu abin da zai tsai da wutar sai fis.

Jiragen fito kusan duka suna ɗauke da jarkokin fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya daga inbata ko sakakkiyar waya ya isa. Batirin darma kuma yakan fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, ita kuwa sama take tashi. Saboda haka inbata da caja su zauna a sama, a busasshen wuri mai iska, nesa da jarkoki, kuma ba daidai bisa kan batir ba. Batir a ɗaure shi cikin akwati mai ƙofar iska. Wutar bolt 230 a jirgin da ƙasansa ke da ruwa, fasinja kuma ba takalmi, abin tsoro ce, don haka a sa na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30. Janareta kuma ba a kunna shi ƙarƙashin rufaffiyar rumfa, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana jiragen fasinja tafiyar dare, kuma tana da hujja. Hatsarin da ya auku a yankin Patigi ta Jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda fiye da mutum 100 masu komowa daga biki suka rasu, cikin duhu ya faru. Haka ma na kusa da Gbajibo ta Jihar Neja a watan Oktoba na 2024. A tafkin Kainji kuwa, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar a 1968 suna nan suna dakon jirage. Samun fitila mai ƙarfi ba lasin tafiyar dare ba ne. Amma hadari yakan taso da la'asar, inji yakan tsaya, magariba ta riski mutum a tsakiyar ruwa ba da son ransa ba. A irin wannan sa'a, abin da ake bukata shi ne fitila ta kama, famfo ya kwashe ruwa, waya ta samu cajin kiran taimako. Waɗannan uku kada a taɓa bi da su ta inbata, su tafi kai tsaye daga batir, kowanne da nasa fis.

Ya kamata sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage su ɗauki wannan magana zuwa tashoshinsu, su nemi ƙwararren mai aikin wuta ya duba jiragen da aka riga aka haɗa. Mai shirin saye kuwa ya bi tsari: lissafi tukuna, sai batir, sai hanyar cika shi, sai caja, inbata daga ƙarshe in har akwai bukatarta. Allah Ya kiyaye matafiya ruwa da na tudu, amin.